Ashe Daga Wuyana Ne

Laraba da dare, Kwandiko

Murna ta hana ni barci. Yau likita a Birnin Kudu ya gano abin da ke damuna. Duk ciwon ƙashin nan, da ƙishirwar da ba ta ƙarewa, da gajiyar da ke hana ni ko tuƙa tuwo, ashe daga wuyana ne! Ya ce akwai wasu 'yan ƙwayoyi kusa da maƙogwaro, ɗaya ta yi ƙari, ita ke sa sinadarin ƙashina yana tsiyayewa cikin jini.

Da na ji "ƙari" gabana ya faɗi. Ya ce, "Kwantar da hankalinki, Malama, irin wannan ba daji ba ne. Aiki za a yi a Kano a cire, yawanci ana warkewa."

Wuƙa a wuya dai ina tsoro. Amma a mota, mun kusa Gwaram, maigida ya nisa ya ce, "Ki yafe min, Habi, na ɗauka son jiki ne." Sai dariya ta kama ni har da hawaye, fasinjoji na kallona.

Gobe da sassafe Inna zan fara gaya wa. Ita kaɗai ce ba ta taɓa ƙaryata ni ba.