Jakar da Na Ɗora wa Haulat

Old Airport, Doha
Talata, 14 ga Mayu

Zuwa ga 'yata Sakinatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Allah ya ƙara miki buɗi, ya tsare mana ke a ƙasar mutane, ya dawo da ke da abin da kika je nema. Mu nan lafiya lau muke, sai zafi da ya fara shigowa, wanda ko kanti mutum zai je sai ya tsaya ya yi shawara da kansa. Babanku Gado yana nan yana fama da tuƙi, kafil ɗinsa, wato uban gidan da yake yi wa aiki, ya ƙara masa kai yara makaranta, amma ciwon bayan ya yi sauƙi. Yayanki Umar Faruq an mayar da shi gadi a wani kanti a Mesaimeer, ya ce ya fi masa kusa. Haulat kuma ta fara aiki a ɗakin gwajin jini, in ta fita da safe sai magariba.

Na ji cewa ke da ƙawayenki na makaranta za ku tashi daga Hungari ku yi kwana biyar a Italiya in an yi hutu, kuma kin tambayi Haulat yadda ɗalibi zai yi tafiyar ba tare da ya ƙarar da ɗan abin hannunsa ba. Na kuma ji amsar da ta ba ki, wai ki tambayi Mama, ita ta tsara mata tata tafiyar. Wataƙila kin ɗauka yabo ne. Ba yabo ba ne, 'yata, kuma dalilin da ya sa na zauna na rubuto miki ke nan maimakon in yi miki saƙon murya, don in na fara magana da baki sai in kama kare kaina.

Shekara biyu da suka wuce Haulat ta shirya irin tafiyar nan da ƙawayenta biyu, Phoebe da Miriam, 'ya'yan ma'aikatan jinya 'yan Jos da muke unguwa ɗaya. Shekara guda ta yi tana koyar da yaran maƙwabta lissafi tana tarawa. Duk dabarar da zan faɗa miki tata ce, a bakinta na ji, don wata uku ba mu da wata hira a kan tabarmar cin abinci sai ita. Ta sayi tikiti tun da sauran wata uku, na tsakiyar mako, a jirgin da ke tsayawa a hanya, domin ya fi araha. Ta ce irin wannan tikitin ƙaramar jakar baya kawai ya yarda da ita, har tef ɗin ɗinkina ta ɗauka ta auna jakar. Ta kama musu gado a masaukin ɗalibai, ɗakin mata zalla, kusa da tashar jirgin ƙasa don kada su riƙa biyan tasi. Wuraren kallo ta sayi tikitinsu ta waya tun daga nan, kowanne da ranarsa da sa'arsa, ta ce in lokacin ya wuce shi ke nan an yi asara. Takalmi ɗaya, riguna uku, gyale biyu, da 'yar dardumar salla mai naɗewa kamar hankici. Ban taɓa ganin yarinyar nan da ɗoki irin na lokacin ba.

Ni kuwa da bakina da ba ya riƙe magana, muka je suna a Abu Hamour, na sanar wa mata cewa Haulat za ta Turai. Alfahari ne ya ɗebe ni, ba wani abu ba. Kafin sati ya zagayo gidanmu ya koma tasha. Matar Ghali ta zo da kilishi da dambun nama da man shanu, a kai wa ƙanenta a wani gari wai shi Brescia. Masahudu, ɗan Kumasi da ke tuƙi tare da Babanku, ya kawo abayoyi biyu da turaren wuta na 'yar'uwar matarsa a Napoli. Wata da ko sunanta ban riƙe ba ta aiko da yaji da dabino, su ma Brescia ɗin za a kai. Kowa ya ce ɗan saƙo ne, ba nauyi, kuma ai duk Italiya ce. Ni ma haka na ɗauka, kamar mutum ya sauka Kano a ce ya miƙa abu Fagge.

Haulat ta nuna mini taswira a waya, ta ce Napoli na kudu, Brescia na can arewa, tikitinta kuma bai da kaya. Na ce mata tun da nake ban taɓa jin ɗan mutunci ya yi tafiya ya ƙi karɓar saƙo ba, kuma mutanen nan su ne suka tsaya mana lokacin da Babanku ya kwanta asibiti. Na ce ina za mu sa fuskarmu. Na yi ta magana har ta yi shiru, ni kuma na ɗauki shirun a matsayin yarda. Da hannuna na cika babbar jakar, na hau kanta na zauna aka ja zif.

A filin jirgi suka caje ta kuɗin jakar, ninkin abin da za ta biya da tun farko ta saya ta waya, kuɗin abincinta na kwana biyu ya tafi a nan. Da suka sauka Roma aka buɗe jakar, aka kwashe kilishin da dambun da man shanun, domin ba a shiga musu da nama ko kayan madara daga waje. Aka tsare ta kusan awa biyu ana tambayoyi, motar da suka riga suka biya ta tafi ta bar su. Wannan ki riƙe shi da kyau, ko wa ya ba ki nama ki ce a'a, ko ni ce.

Washegari, ranar da suke da tikitin shiga tsohon filin wasan nan na Romawa, ita tana cikin jirgin ƙasa zuwa Napoli da abayoyi. Mutanen kirki ne, sun karɓe ta hannu biyu, suka ce ba za ta tafi ba sai ta ci tuwo, tuwon kuma ba a ɗora shi ba sai bayan azahar. Ranar da Phoebe da Miriam suka tafi Venis, garin da titunansa ruwa ne, wanda saboda shi ta tara kuɗin tun farko, ita Brescia ta nufa da yaji da dabino da kuma bayanin inda kilishi ya shiga. Ta yi awa uku a tasha tana jiran ƙanen matar Ghali ya tashi daga aiki. Ni kuma kullum ina kiran ta a waya, kin kai na wane, kin kai na wance, yalla ki yi sauri kada su ga kamar an riƙe musu. Kwana biyar ina kira, ban tambaye ta ko sau ɗaya me ta gani ba.

Abin da ya fi ci mini rai bayan ta dawo ne ya faru. Matar Ghali ta riƙa faɗa a cikin mata cewa babu wani kwastan, yara ne suka cinye kilishin a hanya. Maimakon in tsaya wa 'yata, sai na sa ta saka hijabi, na kai ta gidan da kaina ta ba da haƙuri, don a zauna lafiya. Ta durƙusa ta bayar, ba ta yi musu ba. A mota muna dawowa na fara yi mata bayanin zaman tare, ta ce khalas Mama, ya wuce. Tun daga ranar ba ta ƙara kawo mini wani shiri nata ba. Aikin nan da ta samu ma sai da ta yi sati tana zuwa na sani. Tana gaishe ni, tana yi mini duk abin da na sa ta, amma hirar nan ta kan tabarma ta mutu, kuma ni na kashe ta. Yanzu ga aiki ya riƙe ta, hutunta na shekara gida Zariya za a ce ta je, ban san ranar da za ta sake samun kwana biyar nata na kanta ba.

To ga sauran abin da na tsinta daga bakinsu, ita da ƙawayenta. Ki riƙe katin makarantarki a jiki, duk inda za ki biya ki fara tambaya ko akwai rangwamen ɗalibai, kunya ba ta da amfani a wurin. Ki duba ko akwai ranar da ake shiga gidajen tarihi kyauta a cikin kwanakinku, sai dai ki yi sammako saboda layi. Kada ku ci abinci a bakin wurin kallo, ku yi tafiyar titi biyu ko uku farashin zai sauko. Burodi da cuku da tumatir na kanti sun isa karin safe, shagunan Turkawa da 'yan Bangladesh kuma ba a rasa halal. Ki tafi da gorar ruwa, Phoebe ta ce famfunan titi a Roma ruwan sha ne. Tsakanin gari da gari bas ta fi jirgin ƙasa araha in ba ku gaggawa, tikitin takarda kuma ki tabbata kin buga shi a na'ura kafin ki zauna, in ba haka ba tara ce. Jakarki ta zauna a gabanki cikin cunkoso. Kuma gari biyu sun ishe ku, kada ku ce sai kun taka ko'ina ku ƙare a tasha.

Shekaranjiya mahaifiyarki Mero ta kira ni daga Zariya. Ta ce in turo mata lambar mutanen Napoli da na Brescia, wai tunda za ki je ai sai ki leƙa ki gaishe su, kuma akwai mai zuwa wajenku da za ta ba kuka da daddawa ki miƙa musu. Muryata na ji a bakinta sak. Na ce mata lambobin sun ɓace, Allah ya yafe mini, suna nan cikin wayata. Mero ƙanwata ce, ki bar ni da ita, in za ta yi fushi ta yi da ni.

Jiya da Haulat ta dawo aiki na same ta a kicin, na ce ina rubuto miki, ko akwai abin da take so in ƙara. Na so in ce mata wani abu daban, bakina ya kasa. Tana wanke kofi ta ce, "Ki ce mata kada ta faɗa wa kowa ranar tafiyarta sai ta dawo." Ba ta ɗago ta dube ni ba, ni ma ban tambaye ta wane ne kowa ba, don na sani. Saboda haka ko ni kada ki faɗa mini, Sakinatu. In kin dawo ki kira 'yar'uwarki ki ba ta labarin garin ruwan nan tun daga farko har ƙarshe, ni zan zauna daga gefe in ji in ta bar ni.

Babanku Gado yana gaishe ki, ya ce ki riƙe salla a kan lokaci duk inda kika samu kanki. Umar Faruq yana gaisuwa, Phoebe da Miriam ma sun ce a gaishe ki. In kun yi waya da gida ki gaishe mini da mahaifinki da ɗan'uwanki Sadick da matarsa. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

Innarki mai ƙaunarki,
Habibatu