Inda Kyamara Ta Ga Gunvor

Senja, 6 ga Mayu

'Yata Solfrid,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ruwan saman garin Bergen bai narkar da ke ba. Kawunki ya yi abin da za ki yi masa faɗa: na sayar da jirgin kamun kifina, na sayi babbar kyamara irin ta ƙwararru. Sai da na buɗe kwali na ga ashe gilashinta daban ake saye. Tunda a shagon kyamara kike aiki, ki zaɓa mini.

Innarki Gunvor nake so in ɗauka. Ciwon mantuwar ya ci ƙarfinta, tun Kirsimeti ba ta kira sunana ba. Da kaka za a karɓe ta a gidan tsofaffi. Ina son hotonta mai kyau a cikin kicin ɗinta kafin nan.

Kawunki,
Torleif

Bergen, 11 ga Mayu

Kawu,

Ina gaisuwa, a shafa mini kan Inna. Mutumin da ko wayarsa ba ya iya dannawa shi ne da kyamarar ƙwararru! To, ga gilasai biyu nan na aiko, ka gwada, ka dawo da ɗaya.

Dogon mai zuƙowa ne, yana jawo na nesa kusa, zai yi maka aiki ko'ina. Gajeren na ɗaukar fuska ne: mutum ya fito tar, bayansa ya yi dishi-dishi. Kada ka wahalar da kanka wajen saiti. Kyamarar da kanta take neman idon mutum, za ka ga ɗan koren akwati ya sauka a kansa, sai ka danna. Don Inna, ni gajeren zan ɗauka.

Taka,
Solfrid

Senja, 19 ga Mayu

Solfrid,

Bayan gaisuwa. Dogon ba laifi, har mikiya na ɗauko da shi a kan dutse. Gajeren ne nake son ki yi mini bayani.

Na gwada shi a kan maƙwabciyarmu Oddny, nan take akwatin ya kama idonta. Na juya kan Gunvor tana zaune a kujerarta, sai ya tsallake ta ya je gefen murhu ya tsaya, daidai tsayin mace a tsaye. Babu kowa a wurin. Na kashe, na kunna, ya koma can. Ga hoton na haɗo miki.

Kada ki yi dariya. Jiya da hantsi na dubi wurin na ce, "Gunvor, a zuba miki kofi?" Sai na ji daga kujera a bayana, "Zuba mana, tsoho, ka tsaya kana kallona kamar baƙuwa." Muryarta ta da, Solfrid. Na juya da sauri na riƙe hannunta na yi mata magana, ta dube ni kamar bango. Na koma na fuskanci murhu, muka yi hira har kofin ya huce.

Kawunki

Bergen, 23 ga Mayu

Kawu,

Ina gaishe ka. Kyamara takan ruɗe, ta ga ƙullin katako ta ɗauka ido ne. Abin da na so in rubuto maka ke nan. Amma na buɗe hoton a babban allo, ni da mai shagonmu. Inna ba ta fito tar ba, murhu bai fito tar ba, bango ma haka. Saitin ya tsaya ne a iska, tsakaninka da bango. Ƙura ce kawai ta fito tar a wurin, ita ma ta rabu biyu kamar tana kewaye wani abu.

Don Allah ka cire gajeren ka sa dogon. Inna tana kan kujera, can za ka yi mata magana. Zan nemi hutu in zo.

Taka,
Solfrid

Senja, 30 ga Mayu

'Yata,

Na gode. Dogon na maido miki, shi kujera kawai yake gani.

Gunvor ɗin da akwatin yake gani ba ta gefen murhu yanzu. Kullum akwatin yana matsawa kaɗan. Ya wuce taga, ya wuce inda muke rataye riguna, yau yana bakin ƙofa. Na ce, "Ina zuwa haka ba sallama?" Ta ce, "Torleif, buɗe mini. Na gaji da tsayuwa." Na ce ta bari sai kin zo. Ta ce, "Kullum kai sai an bari."

Na sa sakata. Ta ƙofar baya nake fita, Oddny ma ta can nake shigo da ita. Gunvor ta daina yi mini hira, maganar ƙofar kawai take maimaitawa, a hankali, ba faɗa. Na kuma bar cin abinci a kicin.

Kawunki

Senja, 3 ga Yuni

Solfrid,

Na buɗe mata ƙofar jiya da safe. Na bi ta da kyamara ta gangara hanyar teku, ba ta sauri, har akwatin ya ƙanƙance ya ɓace. Da na koma ciki na tarar ta cika a kujerarta.

Jana'iza ranar Juma'a. Ki zo, amma kada ki tambaye ni abin da zai faru da na bar ƙofar a rufe. Ban sani ba.

Torleif