Hannun da Bai Kai Kunne Ba

Zuwa ga 'yar'uwata Hassana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar da ta dace da wadda ta riga mu gidan gaskiya, ina sanar da ke na ajiye aikin koyarwa a nan Birnin Kudu. Gidan tsit, daga ni sai kaji, shi ya sa kike ta faɗo mini a rai.

Kin tuna shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta? Aka jera mu gindin tsamiya a ƙauyenmu na ƙasar Gwaram. Ba mai takardar haihuwa, sai hedimasta ya ce kowa ya ɗora hannun dama bisa kai ya taɓo kunnen hagu, wanda ya taɓo ya isa shiga. Nawa ya kai. Naki, da cutar shan inna ta shanye, ko goshi bai wuce ba.

Baba ya ce, "Malam, tagwaye ne fa, ita ce ma ta riga fitowa." Hedimasta ya ce, "Haka doka ta ce, a kawo ta baɗi." Baɗi ta zo, hannu yana nan yadda yake.

Ke kuwa da taurin kan nan naki, kullum sai ki biyo ni ki rakuɓe a gindin tagar ajinmu. In malam ya jefo tambayar lissafi, kafin in gama ƙirga yatsu kin raɗo mini amsa. In ɗaga hannu, a tafa mini. Ko sau ɗaya ban ce taki ce ba. Daɗin tafin nake ji, Hassana.

Da na tafi makarantar horon malamai, duk hutu sai kin roƙe ni in koya miki karatu, ni kuma in ce sai gobe. Har kika rasu goben ba ta zo ba.

Shekara da shekaru ina riƙe da 'yan aji ɗaya, ban taɓa mayar da yaro gida ba, gurgu ne, kurma ne, ko ɗan ruga da bai gama jin Hausa ba. Mutane suna yabona. Ni dai na san ihu ne bayan hari, kuma kewarki ba ta ragu ba.

Ga shi yau na rubuto miki, alhali ko kina raye sai an nemo mai karanta miki. Ki yafe mini.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe mana baki ɗaya, Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.

Taki har kullum,
Usaina