Matan da Suka Yanke Jemar Tafki

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna, ya yara? Ni lafiya lau, gajiya ce kawai.

Har yanzu ina kula da tafkunan da ƙazamin ruwan ƙauyen nan ke taruwa. Ciyawar jema da muka dasa ita ke tace shi kafin ya gangara kogi. Rannan na ɗan leƙa kasuwa, mata suka yanke ta tas don jinka. Na tare wata tsohuwa da dami a ka, ta ce, "Ɗan nan, ɗakina na yoyo, kai kana gadin ciyawar kashi?"

Wallahi na kasa ƙwace damin. Yanzu ruwan baƙi ƙirin yake shiga kogi, kuma mutanen gangare shi suke sha.

Shugabanmu, da bai taɓa shaƙar warin nan ba, ya ce in faɗi waɗanda suka yi, ko in tattara kayana. Duk na san su, Yaya, amma na ga ɗakunansu. Ban faɗi sunan kowa ba.

Ka sa a share min ɗakin zaure, ina nan tafe gida. A taya mu da addu'a.

Ƙaninka.