Ba Zan Ba Su Aron Sunanka Ba

Zuwa ga Yayana, Sale Maifito,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, ina fatan Allah Ya sa kana cikin rahamarSa. Na san wasiƙa ba ta isa inda kake. 'Yan Tunga da ke nan Jidda ne za su karanta ta, su aika gida. Amma da sunanka aka ƙulla maganar, don haka kai ya kamata in fara faɗa wa.

Ranar Talata ɗan majalisarmu na tarayya ya aiko a kira ni. Ya zo Umara, ya sauka a wani otal a Bagadadiyya. Na bar shagon darduma na kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar nan, a unguwar Balad bayan la'asar, na je. Ya tarbe ni da "Baba Haruna", ya zuba mini shayi da hannunsa. Buƙatarsa ɗaya ce. Zaɓe ya matso, yana so ranar Juma'a in buga waya a kara ta a lasifikar masallacin Tunga, in shaida wa jama'a cewa ya yi mini alkawari a ƙasa mai tsarki zai gina gada, kuma za a sa mata suna Gadar Sale.

Ka san mutanenmu da maganar da ta fito daga nan. In na faɗa, za su ɗauka a gaban Ka'aba aka yi ta, alhali a falon otal ne, talabijin na kunne.

Kai ka koya mini yadda mazaɓar nan take, muna cikin jirgi kana tuƙi. Ƙananan hukumomi biyu ne, ta tudu da ta fadama, gulbi a tsakani. Tudu na da gero da gyaɗa da kwalta da asibiti. Fadama na da shinkafa da albasa da sauro. Tunga a takarda ta tudu ce. A ƙasa kuwa tana gefen fadama, saboda tun zamanin kakanmu gulbi ya bar tsohuwar hanyarsa ya yanko ta gaban gari, ya raba mu da tudu. Ruwa ya tashi, taswira ba ta bi shi ba. Shi ya sa 'yan tudu ke ce mana 'yan tsallake, 'yan fadama kuma su ce ba ma cikin rajistarsu.

Na tuna zaɓen farko, wanda mata suka fara fita. Inna ta dangwala wa mabuɗi, ta ce shi kaɗai ta gane a takardar. Kai ka ɗauki akwatin a jirginka, ka cire rigarka ka lulluɓe shi don kada ruwa ya fantsama ciki. Wanda ya ci ɗan tudu ne. Ya ce gada.

A na biyu, kafin ka gama ɗaure jirgi a gacin tudu, rediyon wani mai shayi ya riga ya faɗi sakamako, akwatin Tunga na ƙarƙashin ƙafarka. Ka dawo ka ce, "To, na kai shi ya sha iska." Mun yi dariya. Yanzu in na tuna ba na yi. Bayan 'yan watanni sojoji suka kwashe kowa.

Sai zaɓen ƙato bayan ƙato, wanda ba takarda, ba ɓuya, kowa ya je ya tsaya a bayan hoton wanda yake so a ƙirga shi. A ƙarƙashin tsamiyar makaranta aka kafa hotunan biyu. Ka tsaya bayan ɗan tudu, ka ce namu ne a takarda, shi ke da haƙƙinmu a wuyansa. Ni na tsaya bayan ɗan fadama, na ce kasuwarmu ɗaya, ambaliyarmu ɗaya. Gari duka ya ga 'ya'yan ciki ɗaya a layi biyu. Ka juyo ka dube ni ka ce, "Haruna, ka tsallake." Ni kuma na ce da ƙarfi, kowa na ji, ai dole ka ƙi mai son gada da gaske, tunda in an gina ta jirginka ya mutu.

Wannan maganar ce, Yaya. Shekara goma sha tara ina ɗauke da ita.

Naka ya ci, bai yi nisa ba sojoji suka sake rufe majalisar. Ni kuma na bi alhazai na zo nan na maƙale. Ka riƙa aiko mini da kaset, kana gaishe ni, kana ba ni labarin damina da wanda ya rasu da wanda ya haihu. Ba ka taɓa tayar da zancen layi ba. Ni ma na yi shiru, na ɗauka shiru ya isa neman gafara.

Da farar hula ta dawo, manya suka yi abin da suka kira karɓa-karɓa: tudu ta yi, fadama ta karɓa. In ɗan tudu ne a kujera, ya ce aikin tsallake sai na fadama ya hau. In na fadama ya hau, ya ce Tunga ba ƙaramar hukumarsa ba ce. Kowane zaɓe kuwa ba su manta hanyar gaci ba, kai ke fito da su, kai ke mayar da akwati. Tunga ta yi wannan jam'iyya, ta yi waccan, sau ɗaya ma ta yi fushi ta zauna a gida, aka ce ta fito ƙwanta da ƙwarƙwatarta.

Damina biyu ke nan da ciwon cikin ya kama ka, gulbi ya cika har bakin gonar gidanmu. 'Yarka Hajara ta ce a jirginka aka kwantar da kai, maƙwabta na tuƙi, kuma ba ka kai gacin tudu ba. Ni ina nan, iƙamata, takardar izinin zama, na wurin sabuntawa, fasfo na hannun kafili. A waya na karɓi gaisuwar rasuwarka, ina tsaye tsakanin dardumomi.

Ba zan zalunci mutumin nan ba. Yaro ne mai ladabi, kuma Hajara ta tabbatar mini shi ya haƙa rijiyar burtsatse ta bayan masallaci, tana kuma ba da ruwa. Wataƙila har zuciyarsa yana son gadar. Ni ma ba ni da bakin cika baki: tun ranar tsamiyar nan ban sake zaɓe ba, ban sha ambaliya ɗaya tare da ku ba. Mutumin da ko ƙuri'a ba shi da ita ake so ya gaya wa masu ita inda za su kai ta.

Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ka gina ta tukuna. In ta tsaya, ka sa mata sunan mahaifinka ma, mu dai mu bi ta kai." Ya yi murmushi ya ce in ƙara tunani. Na ce halas, na gama.

Na san abin da na jefa cikin hatsari. In ya ci ba da Tunga ba, yana da hujjar mantawa da mu. In wata mai naƙuda ta kwanta a jirgi baɗi, da hannuna a ciki, ba zan musa ba. Amma na taɓa amfani da sunanka a gaban jama'a don layina ya yi tsawo, na ɗora maka abin da ba ka yi ba. Ba zan sake ba kana kwance ba ka iya ba da amsa.

Jiya Hajara ta kira ta ce, "Baffa, mu wa za mu yi?" Na ce ta yi wanda ranta ya kwanta da shi, kada kuma ta faɗa wa kowa, har ni.

Ku 'yan Tunga da kuka ji abin da na faɗa a ranar tsamiya, ku ji wannan ma: ƙarya na yi wa Sale. Bai taɓa ƙin gada ba. Ka yafe mini, Yayana.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da Inna a inuwa ɗaya. Allah Ya raya abin da ka bari, Ya ba Tunga shugaban da zai tuna da ita bayan an kwashe akwati. Ni kuma Allah Ya nufe ni da zuwa in tsaya a kanka in faɗa da bakina.

Ƙaninka,
Haruna
Kurayyat, Jidda