Iskar Tayoyin Baya

Baban yara,

Tun ranar da aka sa sabbin tayoyin nan nake faɗa maka cewa lambar da ke jikin ƙofar direba ake bi wajen ba su iska, ko da kuwa tayoyin gaba da na baya iri ɗaya ne. Ka ce ba fannina ba ne. Jiya abokiyar aikinka ta faɗi haka, ka dawo kana yabon iliminta har muka gama cin abinci. Allah Ya ƙara mata sani.

Na wuce aiki. Ka biya wurin mai faci ya rage iskar na baya, kamar yadda ta ce.

Ba zan je liyafar ofishinku ranar Asabar ba.