Kaskar da Ta Ciji Hajaru

Daren Laraba, watan Rajab. Illela.

Yau Hajaru ta ci tuwo. Loma huɗu ce, amma ta ci.

Kwana tara ke nan da zazzaɓi ya sake ta, amma ɗiyar nan ba magana, ba wasa, sai zama a gindin rumbu. Har 'yar tsanarta ta ba ƙanwarta. Uwarta ta ce iska ne, a kai ta wajen mai magani a Konni. Ni kuwa ba na son tsallaka turakun iyaka da Nasara suka kafa da yarinya a wannan hali, sai na yi ta ba ta rubutu.

Da la'asar na zauna kusa da ita a ƙasa. Can na ce, "Hajaru, mi kike jira?"

Ta ce, "Baba, ranata."

Ashe ranar da muka cire mata kaska a bayan kunne, ta ji Gwaggo tana cewa irin wannan kaskar ce ta kashe maraƙinmu. Tun lokacin take jiran mutuwa.

Na ɗage wando na nuna mata tabon kaska a ƙaurina, na tun ina yaro a garin Araba. Ta taɓa, ta ce, "Kai ma?"

Gobe za a nesanta turken dabbobi daga ɗakin yara, kuma kullum da magariba a duba jikin yaran.

Ɗazu na ji ƙanwar tana kuka, Hajaru ta ƙwace 'yar tsanarta. Alhamdulillahi.

Kwana tara ina wanke allo, ban taɓa tambayarta ba.